Ba A Auna Mota Wayam

Ni dai in kana son ganin ɓacin raina, ka zo garejinmu na Kura ka ce wai a Dubai ko shara mutum ya yi ya warke. Na je, na ga sharar, na ga masu yin ta, kuma saura ƙiris in dawo gida ko tsintsiyar ban samu ba.

Sunana Rabi'u. Bakanike ne ni, kuma aikin ƙasan mota na iya: shoka, sifirin, ƙafa. Shekara goma sha ɗaya na yi a hannun Baba Ɗan'azumi, dattijon da duk direban da ke ɗauko tumatir da albasa daga gonakin rani na Kadawa da Bunkure ya san rumfarsa. Hanyoyinmu kuwa ba sai na faɗa ba, kan gaɓar kanal ake bi, rami nan, kwazazzabo can, ga taɓo inda ruwa ya ɓalle. Saboda haka aikinmu guda ɗaya ne, ɗaga mota. A ƙara falle a sifirin, a cusa roba, a yi duk dabarar da za a yi don kada cikin akori-kura ya taɓa ƙasa.

Baba yana da doka biyu, kuma da ranƙwashi ya sa mana su a ka. Ta farko, ba a auna mota wayam. Kafin a ɗauki awo sai an loda mata buhunan shinkafa, ko a tara direbobi su hau baya. "Ba don ta kwana a gareji aka ƙera ta ba," in ji shi. "Ka auna ta da abin da za ta ɗauka." Ta biyu, in an loda, dole dunƙulen hannunka ya shiga tsakanin taya da fenda, ƙarfen jikin mota da ke saman tayar. In aka sauke kayan motar ta ɗaga baya kamar agwagwa ta tsoma kai a ruwa, to shi ne aiki ya yi kyau, sai Baba ya gyaɗa kai ya koma kan bencinsa.

Da na ce masa zan tafi, na ma riga na sayar da injin ban-ruwana na bar wa yayana gonar, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Je ka, Rabi'u. Amma ƙasar da aka ce hanyarta ba rami, me mai gyaran shoka zai ci?" Wannan maganar ta bi ni har cikin jirgi.

Wanda ya yi mini hanya wani Bakano ne mazaunin can, Alhaji Tasi'u. A waya zuma ce ke zuba daga bakinsa. Wai babban gareji na jirana, kwana uku an buga mini takardar zama, wadda suke kira iƙama. Biza ta ziyara ya yi mini, ta wata biyu, ya ce ai tsari ne kawai. Ranar da na sauka awa huɗu na yi a filin jirgi ina raba ido kafin ya bayyana, yana ƙamshin turare, ko sannu da hanya kirki bai yi mini ba. Ya wuce da ni ta gaban dogayen benayen nan da ake gani a waya, muka bar su a baya, muka yi ta tafiya har garin Sharja, cikin unguwar masana'antu. Ya tura ƙofar wani ɗaki, na ga gadaje masu hawa uku, takalma jibge a bakin ƙofa, mutum goma sha ɗaya kowa da harshensa. Ni ne na sha biyu.

Washegari ya kai ni wurin aiki. Wani makeken fili ne da ake farfasa motocin da suka yi hatsari ana ware kayansu.

Na ce, "Alhaji, wannan shi ne garejin?"

Ya ce, "Haba mutumina, ai somin-taɓi ne. Ka ɗan motsa jini tukuna, takardunka na hannun manya."

Kai, jama'a! Na motsa jini har na gode Allah. Zafin Kura da muke kuka da shi a watan bazara wasan yara ne. A can ƙarfe da kansa yake ƙona ka, sifana sai ka naɗe ta da tsumma kafin ka riƙe. Kullum in na kira Alhaji sai ya ce gobe in sha Allahu. Goben nan ta yi ta haihuwar 'ya'ya. Ran kwana na arba'in na kira, na ji wata mata tana bayani da Larabci, wani ɗan ɗakinmu ya fassara mini cewa layin a rufe yake. Har yau ban sake sa Alhaji Tasi'u a ido ba, kuma ban yafe ba, gara in faɗi gaskiya.

Abin da ya fi ci mini rai a kwanakin nan ba yunwa ba ce. Akwai gurasa, akwai wani faten wake mai yaji da 'yan Indiya ke sayarwa, ciki dai na cika. Tumatir ne. Na shiga kanti na ga tumatir guda shida a jere cikin roba an lulluɓe da leda, na ɗauka na shinshina, wallahi ko ƙamshi babu. Ni da nake taka tumatir da ƙafa a kasuwar Kwanar Gafan ranar da ya yi kwantai! Ran nan na kira matata Saude, tana magana ina jin ƙarar injin ban-ruwa daga bayan gida, sai na kasa amsa ta. Ta ce, "Baban Ummi, kana jina?" Na ce layi ne ba kyau.

Taimakon Allah ta hannun wani tsoho ɗan Pakistan ya zo. Gulam sunansa, gemunsa ja da lalle, yana yawo da wata tsohuwar akori-kura yana saya wa gareji-gareji kayan gyara. Su ma'aikatan filin in za su cire shoka wuta suke sa wa su yanke. Ni kuwa hannuna bai saba ba, sai in zuba baƙin mai a noti, in jira, in kwance a hankali in fito da ita lafiya. Gulam ya tsaya yana kallona kwana biyu. A na uku ya miƙo mini shayi a kofin takarda ya tambaye ni garinmu, na ce Kura, ta jihar Kano. Tun daga ranar bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Kano". Da guntun Turancinsa, da guntun nawa, da Larabcin Islamiyya da na tuna, muka fahimci juna. Na nuna masa bizata. Ya ƙirga da yatsu, ya ga saura kwana tara, ya girgiza kai ya ce in hau mota.

Garejin da ya kai ni na wani ɗan ƙasar Siriya ne, Abu Samir, gajere, mai sanƙo, wanda bai iya magana a hankali ba, ko gaisuwa da tsawa yake yi. Mai yi masa aikin ƙasan mota ya gudu wani gareji, shi ya sa ya saurare mu. Ya tambaye ni irin motocin da na saba, na ce masu ɗaukar tumatir. Ya dubi Gulam kamar ya kawo masa akuya.

Ya ce, "Mota ɗaya zan ba ka. In mai ita ya yarda da aikin, ran Alhamis in shigar da takardunka. In bai yarda ba, ga ƙofa."

Alhamis ɗin nan ita ce ta ƙarshe da za a iya shigar da su kafin bizata ta mutu. In ta wuce, sai jirgi, in koma Kura ba inji, ba gona, in wuce ta gaban bencin Baba Ɗan'azumi.

Abu Samir ya yaye ƙyallen da aka rufe motar da shi. Na yi tsammanin ta wasan yara ce. Ja, kujera biyu, rufin tanti, tsayinta bai wuce ƙuguna ba. But ɗinta ko kwandon tumatir ɗaya ba zai ci ba. Cikinta da ƙasa kuwa, in ka ajiye mangwaro a hanya sai ta murƙushe shi. Na ce a raina, Allah sarki, shokokinta sun mutu, ɗagawa ake so. Sai Abu Samir ya buɗe kwali ya fito da wasu shokoki huɗu masu sheƙi, shuɗi da ruwan zinare, ya ce sunansu koyiloba. Shoka ce da sifirin naɗe a jikinta, gangar jikin duk zare kamar na noti, da zobba biyu. Ka murza zoben sama da wata sifana mai kamar lauje, mota ta tashi ko ta sauka yadda kake so, sannan ka ɗaure na ƙasa ya kulle shi. Wallahi na yaba wa wanda ya ƙera abin. Na ce da muna da irinsa a Kura, ai da mun huta da ƙara falle.

Na tambaya, "Yaya za a ɗaga ta?"

Ya ce, "Ɗagawa? Saukewa za ka yi!"

Na zaci ban ji daidai ba, sai ya nuna da hannu, ƙasa, ƙasa. Ya ba ni takarda da lambobi, awo daga tsakiyar taya zuwa bakin fenda, gaba kaza, baya kaza. Na duba, yatsa biyu ne kawai zai rage tsakanin taya da fenda. Mutum da hankalinsa ya sayi kaya masu tsada don motarsa ta riƙa jan ciki kamar ƙadangare! Wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Litinin na fara. Na ɗaga ta, na cire tayoyi, na kwance ƙananan sandunan da ke riƙe ƙafa, na zare babban noti na ƙasa, na kwance uku-ukun sama. Da na jera tsofaffin shokokin a ƙasa sai na lura da wani abu. Na hagu biyu sun sha wuya, robar da ke tare su ta murƙushe, na dama kuwa garau. Na leƙa cikin fendar hagu na ga inda taya ta goge ta har ta yi sheƙi. Leɓen bamba ma ta ɓangaren hagu kaɗai ya kankare. Na nuna wa Abu Samir, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai shi ya sa mai motar ke canza kayan, wannan ne karo na uku, kullum kukansa taya na gurzar fenda in ya sha kwana. Na ce to, na ajiye abin a raina na ci gaba.

Na sa sababbin, na daidaita zobban da tef na awo kafin in ɗaura don kowace ta yi daidai da 'yar'uwarta. Manyan notuna ban matse su ba sai da na sauke nauyin motar a kansu, kamar yadda aka koya mini. Na tura ta gaba, na ja ta baya, don ƙafafun su zauna. Aiki ne mai tsabta, ko maƙiyina ya gani sai ya yaba.

Talata da safe aka zo awo. Abu Samir ya fita karɓo kaya, sauran ma'aikatan kowa na ƙarƙashin tasa motar. Na ɗauki tef, na durƙusa, sai hannuna ya tsaya. Motar wayam take. Ko tunani ban yi ba, wallahi, kamar yadda ba ka tunani kafin ka cire takalmi a ƙofar masallaci. Na duba, ba buhun shinkafa, ba direbobi masu zaman banza. A lungu na hango tsofaffin batiran manyan motoci. Na shimfiɗa kwali a but don kada in ɓata masa, na cusa guda uku, na sha wuya kafin su shiga. Bayan motar ya zauna, hancinta ya ɗan tashi. Na ce yauwa, yanzu ta zama mota.

A haka na yi awo. Na ɗaga bayan har ya kai lambar takarda, na sauke gaban har shi ma ya kai. In ɗaga da jak, in murza zobe, in sauke, in tura, in auna. Sau nawa, ban ƙirga ba. Kafin azahar kusurwa huɗun nan sun zauna a kan lamba cif-cif. Na kulle zobba, na kwashe batiran na mayar lungu. Motar ta ɗaga baya ta sunkuyar da kai, sak agwagwar Baba. Na ja da baya na dube ta, daɗi ya kama ni. Har hoto na ɗauka don in tura Kura.

Bayan la'asar mai motar ya zo. Likitan haƙori ne, Bamisire, kowa Dakta yake ce masa. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Masha Allah! Mutum ne wanda in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Abu Samir ya shigo tare da shi yana ta zuba, bai ko kalli motar da kyau ba. Dakta ya tsaya ya karkata kai yana duban bayanta, ya buɗe baki zai yi magana, sai Abu Samir ya ce sababbin sifirin ne, za su zauna. Dakta ya naɗe jikinsa ya shiga, da ƙyar, kamar ana cusa katifa a buhu. Na ga motar ta kwanta hagu. Na gani da idona, amma hankalina na kan yabon da nake jira.

A ƙofar garejin akwai ɗan gangare zuwa titi. Ya tayar, ya taho a hankali, hancin motar ya sauka.

Ƙarrr! Ɓas!

Leɓen bamba ya tsage ta hagu. Ni dai na ji kamar haƙorina aka cire ba allura.

Abin da ya biyo baya da Larabci aka yi shi, kuma na gode Allah da Larabcina na Islamiyya ne, babu irin waɗannan kalmomi a ciki. Abu Samir ya fizgi tef ya auna, ya ga baya ya haura lamba, gaba ya gaza. Ya juyo kaina.

"Ba ka iya karatu ba ne?"

Na ce na iya, kuma a kan lamba na sa ta. Na nuna masa batiran, na yi masa bayani.

Ya dafe sanƙonsa da hannu biyu. "Wa ya ce ka sa batir? Wa?"

Na ce, "Ai ba a auna mota wayam."

"Wannan motar me take ɗauka? Tumatir? Tumatir ka ga tana ɗauka?"

Ma'aikata suka fashe da dariya. Dakta bai yi dariya ba. Ya ce a liƙe masa bambarsa, ran Alhamis da safe zai zo ya kai motarsa wurin waɗanda suka san aiki. Abu Samir ya nuna mini ƙofa da sifanar nan mai kamar lauje.

Laraba ban je ko'ina ba sai rumfar mai shayin da Gulam ke tsayawa da hantsi. Haushi nake ji, na Alhaji Tasi'u, na Abu Samir, na ƙasar da ake sayen tsada don a ja ciki. Har na Baba na ji, na ce shi ya cuce ni da dokarsa. Da Gulam ya zo na kwashe duka na gaya masa. Tsohon nan ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, yana bubbuga gwiwa yana cewa, "Kano! Kano!" Na ji kamar in tashi in bar masa wurin. Da ya natsa ya share hawaye, ya ce in sake faɗa masa dokar malamin nawa, daidai yadda yake faɗa.

Na ce, "Ka auna ta da abin da za ta ɗauka."

Ya ce, "To malaminka bai ce batir ba."

Sai ga motar a idona tana kwantawa hagu. Sai ga shokokin hagu da suka murƙushe, da fendar da ta yi sheƙi, da leɓen da ya kankare gefe ɗaya. But ɗin nan tun da aka ƙera shi bai taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar likita ba. Kayan motar nan guda ɗaya ne, kuma a kujerar hagu yake zama. Gareji biyu sun auna ta wayam, sun miƙa masa ita daidai, shi kuma yana shiga sai ta karkace. Dokar Baba ba ta yi ƙarya ba, ni ne jakin da ya ɗora kayan inda ba nan ne wurinsu ba.

Na gaya wa Gulam. Ya daina dariya, ya shafa gemu. Ya ce wataƙila ma su Abu Samir sun sani, amma wa zai dubi babban mutum, likita, ya ce masa kai ne ka yi wa motarka nauyi?

Na ce, "Ni. Me ya rage mini?"

Alhamis tun kafin a buɗe gareji muna ƙofa, ni da Gulam. Abu Samir na ganina ya fara tsawa, Gulam ya riƙe masa hannu yana ba shi baki. Ana cikin haka Dakta ya sauko daga tasi. Na ce a raina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tare shi, na gaishe shi, na ce ya ba ni minti ɗaya. Na ɗauko tsofaffin shokokinsa na jera masa, hagu da dama. Na durƙusa na nuna masa cikin fenda. Sannan na auna ɓangaren hagu da tef, motar wayam, na nuna masa lambar.

Na ce, "Dakta, don Allah shiga ka zauna."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya shiga. Na sake aunawa, na riƙe tef ɗin da farce na kai masa har taga. Ta sauka fiye da kaurin yatsa. Na zagaya dama, can ko rabin haka ba ta yi ba.

Na ce, "Shoka ba ta da laifi. Ba a taɓa auna ta kana ciki ba."

Abu Samir ya juya baya yana kallon bango kamar ya ga wani abu a rubuce. Dakta ya dubi tef, ya dubi cikinsa, ya dube ni. Na ce shi ke nan, Kura ga ni nan. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, motar gaba ɗaya tana girgiza da shi.

Ya ce, "Shekara uku matata na gaya mini, ban ji ba. Sai da aka ɗauko mutum daga Najeriya." Ya share ido. "Awa nawa kake so?"

Na ce biyu.

Kada ka ɗauka daga nan abin ya zo da sauƙi. Ba a murza zobe mota na ƙasa, kuma ba na ɗaga mota da mutum a ciki. Saboda haka sai ya fito, in ɗaga, in murza, in sauke, ya koma, mu tura gaba da baya, in auna. Fitar Dakta daga motar nan kuwa aiki ne na mutum biyu. A karo na uku dariyarsa ta ƙare. A na huɗu ya jiƙe sharkaf da gumi yana duban agogo, yana cewa marasa lafiya na jiransa. Ga wata masifar, in ka ɗaga hagu na gaba sai dama na baya ya sauka, sai ka bi shi. Abu Samir yana tsaye a kaina yana hura mini hayaƙin sigari, yana "yalla, yalla", wato in yi sauri, kamar saurin ne bai kai ni ga batir ba. Gulam ne kaɗai mai hankali a wurin, ya samo kwali yana yi wa Dakta fifita. A karo na shida tef ya ba ni lamba ɗaya hagu da dama, gaba da baya kuma yadda takarda ta ce, Dakta na zaune a ciki. Na kulle zobban huɗu.

Ya tayar. Ya nufi gangaren nan. Na rufe ido, ina jiran ƙarar. Ban ji komai ba sai injin yana nisa.

Minti ashirin ya yi. Na zauna a kan tsohuwar taya, na tashi, na sake zama. Ofishin da ake shigar da takardu da azahar yake rufewa ran Alhamis, in ji Gulam, kuma rana ta riga ta take. Can sai ga jar motar ta shawo kwana da gudun da bai kamata ba, ta hau gangaren ta tsaya. Dakta bai fito ba, ina jin ya gaji da fita. Ya sauke gilashi ya kira Abu Samir, ya yi masa magana gajeriya. Sannan ya dube ni ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Usta." Gulam ya raɗa mini cewa haka Misirawa ke kiran gwanin sana'a.

Abu Samir ya miƙo hannu ba tare da ya kalle ni ba. "Fasfo." Ko a nan da tsawa ya faɗa.

Abin haushin, kafin wata ya zagayo, na ji shi da kunnena yana gaya wa wani mai mota cewa a garejinsa ba a auna mota sai mai ita na ciki, wai tsari ne da ya taho da shi daga ƙasarsu, Sham. Na ciji leɓe na ci gaba da aikina.

Washegarin Alhamis ɗin nan, ran Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na kira Baba Ɗan'azumi. Na ba shi labari tun daga batir har zuwa fasfo. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Mai motar ya zauna a ciki?"

Na ce, "Ya zauna, Baba."

"Madalla. Hannunka ya shiga?"

Na ce, "Baba, yatsa biyu ne."

Na duba waya ko layin ya yanke. Can ya ce, "Rabi'u, kada ka gaya wa kowa a Kura ni na koya maka aiki." Ya kashe wayarsa.

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji shekara biyu. Ban sake kiransa ba, sai dai in aika gaisuwa ta bakin Saude.

Da na samu hutu na zo gida, lokacin tumatir ne, motoci sun yi layi a gaban rumfar. Na tarar da shi a kan bencinsa, ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari, direbobi sun kewaye shi. Bai ga isowata ba. Labari yake ba su, kuma daga yadda suke gyaɗa kai na gane sun sha jinsa.

"Larabawa sun taru, injiniyoyi, an rasa mai gyara ta. Yarona ya ce da mai motar, shiga ka zauna! Babban likita, ya shiga ya zauna kamar ɗan makaranta. Ya ɗaga masa ita," sai ya dunƙule hannunsa mai rawa ya ɗaga sama, "har sai da wannan ya shige."

Wani direba ya hango ni ya ce, "Af, ga ma Rabi'un. Rabi'u, wai haka aka yi?"

Na buɗe baki. Baba ya juyo da idonsa mai gani, hannun nan na sama bai sauke ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Haka aka yi."